Fiyanon MIDI: Abin da ya kamata a sani kafin a saya domin haɗa kiɗa a kwamfutar hannu

Fiyanon MIDI na'ura ce mai kama da fiyanon da aka saba gani a situdiyo, sai dai mafi yawansu ba su da sauti na kansu, ba su kuma da lasifika. Aikinsa shi ne aika umarni zuwa ga wata na'ura, kamar kwamfutar hannu irin su iPad da Samsung Galaxy Tab, inda manhajar kiɗa ke mayar da umarnin zuwa sautin da kunne zai ji. Wanda ya saye shi yana tsammanin da an danna zai ji amo, zai koma gida da zaton an sayar masa da lalataccen kaya. Saboda haka zaɓen wannan na'ura yana farawa ne daga kwamfutar hannun da mutum yake da ita, sannan a zo kan fiyanon.

Mene ne MIDI?

MIDI tsari ne na bai ɗaya da kayan kiɗa na lantarki ke amfani da shi wajen fahimtar juna. Ya fito a shekarar 1983, kuma waɗanda suka fi tsayuwa a kan samar da shi su ne Dave Smith, mai kamfanin Sequential Circuits a Amurka, da Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa kamfanin Roland a Japan. A watan Janairun wannan shekara aka haɗa fiyanon Prophet-600 da Jupiter-6 a bainar jama'a, kayan kamfanoni biyu daban suka yi aiki tare. A 2013 an ba mutanen biyu lambar yabo ta Grammy ta fannin fasaha saboda wannan aiki.

Abin da ke bi ta cikin wayar MIDI lambobi ne, ba sauti ba. Idan aka danna madanni, fiyanon zai sanar da wane madanni ne, da irin ƙarfin da aka danna shi, da lokacin da aka sake shi. Kowane madanni yana da lamba tsakanin 0 da 127, haka ma ƙarfin dannawa. Wannan ne ya sa makaɗi zai iya ɗaukar kiɗa da sautin fiyano, daga baya ya mayar da shi sarewa ko garaya ta manhaja, ko ya gyara wurin da yatsa ya kauce, ba tare da ya sake kaɗawa ba.

A fara duba kafar kwamfutar hannu

Tsofaffin iPad suna da kafar Lightning, kuma galibi ana haɗa su da fiyano ne da adaftar da Apple ya yi domin ɗauko hotuna daga kyamara. Matsalar wannan kafa ita ce wutar da take bayarwa ba ta da yawa, don haka fiyano mai fitilu da yawa na iya sa iPad ta nuna saƙon cewa na'urar tana jan wuta fiye da kima. Maganin hakan shi ne adaftar da ke da ƙarin kafar caji a gefe. Tun daga iPad Pro ta 2018 Apple ya fara komawa kafar USB-C, wadda ta fi ba da wuta kuma ta rage wannan wahala.

A ɓangaren Android, tsarin ya samu cikakken tallafin MIDI ne a samfurin 6.0 da ya fito a 2015. Sai dai kamfanonin da ke ƙera na'urorin Android suna da yawa, ingancinsu kuma ba ɗaya ba ne. Dole na'urar ta kasance tana karɓar adaftar OTG, wadda ke ba ta damar ciyar da wata na'ura da wuta, kuma a wasu samfura sai an kunna OTG daga saiti kafin ta ga fiyanon.

Sharaɗin da ya shafi ɓangarorin biyu shi ne fiyanon ya kasance daga cikin waɗanda ke aiki da zarar an jona su, ba sai an saka musu manhajar direba ba, domin ba a iya saka irin wannan manhaja a kwamfutar hannu yadda ake yi a babbar kwamfuta. Mafi yawan fiyanon MIDI na yanzu sun cika wannan sharaɗi, amma wasu tsofaffi da ake samu a kasuwar kayan gwanjo ba su cika ba.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa. Sababbin kwamfutocin hannu da dama ba su da ramin abin saurare na kunne, kafa ɗaya ce tak. Idan fiyano ya tare ta, babu wurin caji, babu wurin saurare. Wanda ke da irin wannan na'ura sai ya sa kuɗin adafta mai kafofi da yawa cikin lissafinsa tun daga farko.

Waya ko Bluetooth

Wasu samfura, kamar Korg microKEY Air, suna haɗuwa ta Bluetooth kuma suna aiki da batir, abin da ke bar wa kafar kwamfutar hannu sarari. Jinkirin da MIDI ke samu ta Bluetooth kaɗan ne, masu kiɗa da yawa ba sa damuwa da shi, musamman a iPad. Inda matsala take shi ne sauraron sauti ta Bluetooth. Abin saurare marar waya yana kawo tazara tsakanin danna madanni da jin amo, tazarar da ta isa ta ɓata wa makaɗi lissafin kiɗa. Ko da fiyanon marar waya ne, ya kamata abin saurare ya zama mai waya.

Yawan madannai da girmansu

Ana ƙera fiyanon MIDI da madannai 25 ko 32 ko 37 ko 49 ko 61 ko 88. Zango ɗaya na sauti yana da madannai 12, farare 7 da baƙaƙe 5, don haka mai 25 zango biyu ne, mai 49 zango huɗu, mai 61 zango biyar, mai 88 kuma shi ne cikakken fiyano. Ƙananan suna da maɓallin ɗaga zango ko sauke shi, amma a lokaci guda abin da ke gaban yatsu kawai ake iya kaɗawa.

Mai 25, irin su Akai MPK Mini da Arturia MiniLab da Novation Launchkey Mini, yana shiga jaka tare da kwamfutar hannu, kuma ya wadatar ga mai jera kiɗa kashi-kashi da hannu ɗaya. Wanda ya saba kaɗawa da hannu biyu, ko yake son koyon fiyano yadda ya kamata, zai ji ƙunci a ƙasa da 49. Haka kuma madannan ƙananan samfura sirara ne kuma gajeru, mai manyan yatsu kan danne biyu a lokaci guda. A nan babu abin da ya kai mutum ya ɗora hannunsa ya gwada.

Abin da bai kamata a yi rangwame a kansa ba shi ne jin ƙarfin dannawa. Fiyanon da ba ya bambance dannawa a hankali da dannawa da ƙarfi, kiɗansa kan fito a sandare, babu rai.

Sauran maɓallai

Samfura da yawa suna zuwa da mabugai na roba guda 8 ko 16 domin jera ganguna, da maɓallan murzawa domin daidaita sauti. Suna da amfani, amma sai manhajar ta san da su. GarageBand, wadda kyauta ce a iPad, tana karɓar madannai kai-tsaye, sai dai ba kowane maɓallin murzawa take bari a ɗora wa aiki ba. Cubasis da FL Studio Mobile, waɗanda ake samu a iPad da Android, sun fi ba da wannan dama. Akwai kuma BandLab ta kyauta, da Logic Pro da ta zo iPad a 2023 ana biyan kuɗin ta lokaci-lokaci.

Ga mai son kwaikwayon goge ko algaita ko kalangu, waɗanda amonsu ke lanƙwasa daga wannan sauti zuwa wancan, abin jan sauti sama da ƙasa ya fi mabugai muhimmanci. A wasu samfura gargare ne, a wasu ɗan sanda, a wasu kuma layi ne da ake shafawa da yatsa. Ya kamata kuma a duba ko akwai ramin jona feda, wadda ke riƙe amo bayan an ɗaga yatsu.

Kamfanoni kan rubuta a jikin kwali cewa na'urar tana zuwa da kyautar manhajoji masu tsada. Galibin waɗannan manhajoji na Windows da Mac ne, ba sa hawa kwamfutar hannu. Mai aiki da kwamfutar hannu kaɗai bai kamata ya ƙara kuɗi dominsu ba.

Watakila akwai shi a ɗaki

Situdiyoyin waƙa na Kano da Kaduna da Jos sun daɗe suna dogara da fiyanon Yamaha samfurin PSR. Da yawa daga cikinsu suna da kafar USB a baya wadda ke aika MIDI, don haka za su iya yin aikin ba tare da an sayi sabo ba. Tsofaffi masu zagayayyen rami mai ƙusa biyar kuwa suna buƙatar waya ta musamman da ke mayar da MIDI zuwa USB. Bambancin shi ne waɗannan suna buƙatar wutarsu daban, alhali ƙaramin fiyanon MIDI daga batirin kwamfutar hannu yake sha, aiki ba ya tsayawa idan an ɗauke wuta, ko da yake caji zai fi saurin ƙarewa.

Ranar saye

Mai saye ya tafi da kwamfutar hannunsa, da adaftarsa, da abin saurare mai waya, manhajar kuma tana ciki. Ya jona, ya danna kowane madanni daga farko har ƙarshe, sau ɗaya a hankali, sau ɗaya da ƙarfi. Idan kayan gwanjo ne, ya girgiza wayar a bakin kafar USB ya ga ko haɗin yana yankewa, domin nan ne ƙananan samfura suka fi lalacewa. Bayan an kai gida kuma a riƙa rufe shi da kyalle, musamman lokacin hunturu, saboda ƙurar da ke shiga ƙarƙashin madannai ita ce ke sa wasu su daina amsawa. Araha, in ji masu iya magana, ba ta ado, amma a wannan fanni tsada ma ba ta da amfani idan fiyanon bai dace da na'urar da zai yi aiki da ita ba.