Lexus da Tarihin Kutsen Masu Motar Araha Cikin Kasuwar Alfarma

Lexus shi ne sunan da kamfanin Toyota na Japan ya raɗa wa sashensa na motocin alfarma, wanda ya fara ciniki a Amurka a watan Satumba na 1989. A tarihin kasuwar motoci, da shi ake buga misali idan ana maganar kamfanin da ya yi suna wajen ƙera motar talaka, sannan ya shiga gonar Mercedes-Benz da BMW da Jaguar da Cadillac, ya kuma zauna daram. Honda ta riga shi gwadawa, Nissan ta fito tare da shi, Volkswagen da Hyundai suka biyo baya. Duk cikinsu babu wanda ƙirar motar ta gagara. Inda aka yi ta faɗi-tashi shi ne wajen sa mai kuɗi ya yarda a gan shi a cikinta, kuma a nan ne talla da suna da mu'amalar dila suka yi aikinsu.

Abin da ya tura Japanawa

A shekarun 1970, lokacin da man fetur ya yi tashin gwauron zabi, Amurkawa suka rungumi ƙananan motocin Japan irin su Corolla da Civic, saboda ba sa shan mai kuma ba sa yawan zuwa gareji. Kamfanonin birnin Detroit suka ji a jikinsu, suka kai kuka wurin gwamnati. A 1981 Japan ta amince ta taƙaita motocin da take turawa Amurka zuwa miliyan 1.68 a shekara. Tunda an ƙayyade yawa, hanyar ƙarin riba ɗaya ce ta rage: kowace mota ta fi kawo kuɗi. Sai kuma yarjejeniyar Plaza ta 1985 ta ɗaga darajar kuɗin yen, dala ɗaya da take sayen yen kusan 240 ta koma ƙasa da 130 a 1988. Ribar ƙaramar mota ta zama ba ta taka kara ta karya ba.

Akwai wani dalilin na daban. Samarin da suka sayi Corolla suna ɗalibai sun girma, sun zama lauyoyi da likitoci da manajoji. Suna yabon Toyota, amma ranar da aljihu ya yi nauyi sai su wuce shagon Marsandi ko BMW. Babbar motar da Toyota take da ita a Amurka a lokacin ita ce Cressida, wadda ba ta isa ta riƙe irin waɗannan mutane ba.

Honda ce ta fara motsawa. A watan Maris na 1986 ta buɗe Acura da motoci biyu, Legend da Integra, a shagunan da babu tambarin Honda a ƙofarsu. Ciniki ya yi kyau, sai dai Legend mai silinda shida ce, ba ta tunkari manyan motocin Jamus gaba da gaba ba.

Aikin F1

A 1983 shugaban Toyota, Eiji Toyoda, ya tara manyan kamfanin ya ɗora musu aikin ƙera motar da za ta kara da mafi kyawun motocin duniya. Aka sa wa aikin laƙabin F1, aka yi shi a asirce. Injiniyan da ya kai shi gaci shi ne Ichiro Suzuki, mutumin da aka san shi da kafewa a kan buƙatun da abokan aikinsa suke ganin ba sa haɗuwa: motar ta yi gudun kilomita 250 a awa, amma kada ta sha man da zai jawo mata harajin da Amurka take ɗora wa motoci masu zuƙar mai, ta yi shiru a ciki, amma kada a cika ta da kayan toshe ƙara har ta yi nauyi. Suzuki ya nace a bi ƙarar har inda take fitowa a kashe ta a can, wato a inji da sandar da take kai ƙarfi ga tayoyin baya.

Injiniyoyi kimanin 1,400 suka yi aikin, aka ƙera motocin gwaji kusan 450, aka kashe fiye da dala biliyan ɗaya. A 1985 wasu masu zanen mota na kamfanin suka kama hayar gida a Laguna Beach da ke jihar Kalifoniya, don kawai su ga yadda masu hali suke rayuwa: inda suke cin abinci, yadda ake karɓar musu mota a ƙofar otal, abin da suke lodawa a but. Binciken kasuwa ya nuna abin da kowa yake zato, cewa ba za a biya kuɗin Marsandi a kan motar da aka rubuta Toyota a bayanta ba, kuma mai irin wannan kuɗi ba zai so ya bi layi da mai sayen akori-kura ba. Saboda haka aka yanke shawarar sabon suna, sabon tambari, da shaguna na daban. Wani kamfanin adana bayanan shari'a mai suna Mead Data Central ya kai ƙara cewa sunan ya yi kama da na hajarsa Lexis. Kotun farko ta ba shi gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 1989, ana gab da fara ciniki.

An nuna motar, LS 400, a baje kolin motoci na Detroit a watan Janairu na 1989. Injinta silinda takwas ne, lita 4, mai ƙarfin doki 250. Farashinta bai kai dala 40,000 ba, alhali Marsandi mai girmanta tana kusan dala 60,000. Shugaban BMW na lokacin, Eberhard von Kuenheim, ya zargi Toyota da sayarwa ƙasa da kuɗin da ta kashe don ta karya kasuwa.

Kofuna a kan bonet

Kamfanin talla na Saatchi & Saatchi ya ware wani reshe mai suna Team One don Lexus kaɗai. Matsalar da ke gabansu a fili take. Marsandi tana da shekaru ɗari na tarihi, tana da tseren motoci da ta ci, tana da sarakuna da shugabannin ƙasa da suka hau ta. Lexus ba ta da kaka ba ta da kakanni. Sai suka zaɓi su bar maganar asali gaba ɗaya, su nuna abin da ido zai gani.

Tallar da ta fi shahara ita ce ta kofunan gilashi. Aka jera kofunan shamfen goma sha biyar, wasu bisa wasu kamar dala, a kan bonet ɗin LS 400. Motar tana kan na'urar gwaji, tayoyinta suna juyawa a wuri ɗaya. Aka tayar da inji, aka taka totur, kyamara tana nuna allurar gudu tana hawa har ta wuce kilomita 200 a awa. Kofi ko ɗaya bai motsa ba. Duk wanda ya taɓa ɗora hannu a kan bonet ɗin motar da take aiki ya san abin da aka nuna masa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Bayan 'yan shekaru aka yi wa wata motar Lexus, ES 300, tata tallar, inda ƙaramin ƙwallon ƙarfe yake gangarawa a tsagin da ke tsakanin ƙofa da jikin mota bai kauce ba, don a nuna tsagin daidai yake daga farko har ƙarshe. Taken kamfanin yana magana ne a kan neman kamala ba tare da gajiyawa ba, wanda dabara ce mai kyau ga sabon shiga: bai ce ya kai ba, ya ce yana kan hanya.

Nissan ta ɗauki wata hanyar. Ta fito da Infiniti a ƙarshen 1989 da mota mai suna Q45, wadda masana da yawa suka ce ta fi LS 400 daɗin tuƙi. Amma tallolin farko, waɗanda kamfanin Hill Holliday ya shirya, duwatsu da bishiyoyi da ruwa da tsuntsaye suka nuna, da murya tana falsafa a kan yanayi, motar kuwa ba a gan ta ba. Masu barkwanci a talabijin suka samu abin yi. Mutane sun san sunan, amma ba su san abin da ake sayarwa ba, kuma Infiniti ta daɗe tana bin bayan Lexus. Wani abin dariya shi ne, Nissan ɗin ce daga baya ta kwaikwayi tallar kofunan da motarta mai araha, Altima, tana nuna ita ma za ta iya.

A watan Disamba na 1989, wata uku kacal da fara ciniki, Lexus ta yi kiranye ga dukkan LS 400 kusan 8,000 da ta sayar, saboda matsalar na'urar riƙe gudu da kuma murfin fitilar birki da yake lanƙwashewa da zafi. Abokan hamayya sun ɗauka an gama da ita. Sai dilolin suka riƙa zuwa gidajen mutane suna ɗaukar motar, su bar wata a madadinta, su gyara, su wanke, su cika tanki, su mayar. Wanda yake nesa da shago aka tura masa makanike. Cikin kwana ashirin aka kammala. Wannan kiranyen ya yi wa sunan Lexus abin da kuɗin talla ba su isa su yi ba, domin masu motar da kansu suka riƙa ba da labarin.

A 1990 Lexus ta sayar da motoci sama da 60,000 a Amurka, a 1991 ta wuce Marsandi da BMW. Da fitowar RX 300 a 1998, jif mai laushin tafiya irin na ƙaramar mota, ta kama matsayi na ɗaya a motocin alfarma a Amurka daga 2000 har 2010. Girgizar ƙasa da ambaliyar teku da suka afka wa Japan a watan Maris na 2011 ne suka tsayar da masana'antu, ta rasa kambun.

Jamusawa ba su naɗe hannu ba. Suka rage kuɗin ƙira, suka faɗaɗa ƙananan motoci, BMW ta buɗe masana'anta a jihar Karolina ta Kudu a 1994, Marsandi ta fara ƙera jif a Alabama a 1997. A gidansu na Turai kuwa Lexus ba ta taɓa yi musu barazanar kirki ba. A Japan ma sai 2005 aka fara amfani da sunan. Kafin nan LS Toyota Celsior ce, RX kuma Toyota Harrier.

Waɗanda suka biyo sawu

Mazda ta shirya nata sashen mai suna Amati, ta fasa a 1992 da tattalin arzikin Japan ya durƙushe.

Volkswagen ta yi abin da Toyota ta guje wa. Shugabanta Ferdinand Piëch ya sa aka ƙera Phaeton a 2002, a wata masana'anta mai bangon gilashi a birnin Dresden, aka manna mata tambarin da ke kan Golf. Motar ba ta da makusa, amma a Amurka farashinta ya fara daga dala 60,000 da 'yan kai, kuma daga nesa sai a ɗauka babbar Passat ce. Aka janye ta daga Amurka a 2006, aka daina ƙera ta a 2016. Bentley Continental GT, wadda suke da ƙashin gini ɗaya kuma ta ninka ta tsada, ita ta yi kasuwa.

Hyundai ta Koriya ta Kudu ta fito daga rami mafi zurfi. Ta shiga Amurka a 1986 da Excel a kan dala 4,995, ta sayar da yawa, sannan lalacewar motocin ta mayar da sunan abin zolaya. Abin da ya fara wanke ta shi ne garantin shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya, wanda ta fito da shi a ƙarshen shekarun 1990. A 2008 ta kawo Genesis, mai farashi daga kimanin dala 33,000, ta sayi lokacin talla a wasan Super Bowl, inda daƙiƙa talatin take cin miliyoyin daloli, ta kira sunayen Marsandi da BMW ƙarara. Da motar ta lashe kyautar motar shekara ta Arewacin Amurka a 2009, sai aka yi tallar da ta nuna manajojin BMW da Lexus na wasan kwaikwayo suna ta ihu da Jamusanci da Japananci. Shekara ashirin sun isa su mayar da Lexus cikin manyan da ake yi wa tsiya.

Sai dai tallar da take cewa "irin waccan ce, amma ta fi araha" tana ƙara tabbatar da cewa waccan ce ma'auni, kuma mai sayen alfarma ba ya son a tuna masa ya yi tsimi. Genesis da yayarta Equus sun zauna a shago ɗaya da ƙaramar motar Hyundai, Accent, ciniki bai kai yadda aka so ba. Kia ma ta gwada da K900 a 2014, da tallar da ɗan fim Laurence Fishburne ya fito a ciki, ba ta je ko'ina ba. A watan Nuwamba na 2015 Hyundai ta koma kan hanyar Toyota, ta ware Genesis ya zama suna mai zaman kansa, ta ɗauko Luc Donckerwolke daga Bentley don zane, bayan ta riga ta ɗauko Albert Biermann daga BMW.

A kasuwar motocin hannu

Yawancin Lexus da ake gani a titunan Kano da Kaduna da Abuja ba sababbi aka sayo su ba. Sun gama zamansu na farko a Amurka, aka lodo su a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano. RX 330 da RX 350 da ES 350 sun fi yawa, kuma masu sayensu ba su taɓa ganin tallar kofuna ba. Abin da Toyota ta kashe kuɗi tana ɓoyewa a Amurka shi ne dillali yake fara faɗa wa mai saye a nan: cewa cikinta Toyota ce. An gina ES a kan ƙashin Camry, RX kuma tana tarayya da Camry da Highlander a inji da kayan ƙasa da yawa, don haka makaniken unguwa ya san ta, kayan gyaranta kuma ana samunsu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba sai an yi oda daga waje ba.