Tsakanin IV da VI akwai shekara 13

Yanzu da jarrabawar BEPC ke matsowa, akwai abin da ke kayar da yaranmu a darasin tarihi: lambobin Rumawa. Mu ma da muka yi lakol sun sha ba mu kunya gaban tablo.

Ku duba tarihin ƙasarmu. A takardu, da waɗannan baƙaƙe ake lissafa jamhuriyoyi. Ta IV ita ce ta Ibrahim Ba'are a 1996. Ta VI kuwa ta zamanin Tazarce ce, 2009, lokacin Tandja. Sanda ɗaya ce ta sauya wuri, amma yaro ya rubuta VI maimakon IV, ya tsallake shekara 13 da mulki guda. Dokar ke nan: ƙaramin baƙi in ya zo gaban babba, a cire shi, in ya biyo baya, a ƙara. Haka muke karanta Tawa I da Tawa II, da ƙarni na XIX da Shehu ya yi jihadi a farkonsa.

Baƙaƙen bakwai ne kacal: I, V, X, L, C, D, M, wato 1, 5, 10, 50, 100, 500, 1000. Tarawa ba wuya. XXVII da XVI, a zuba su wuri guda: X uku, V biyu, I uku. V biyun nan X ne, an samu XXXXIII, a rubuta XLIII, 43. To amma a ce ka ninka su, nan ake yin ta, don babu sifiri, kuma gurbin baƙi bai ɗaga darajarsa. Shi ya sa su kansu Rumawan da tsakuwa suke lissafi bisa allo, sai amsar kawai su rubuta. Kalmar kalkil da mushe ke faɗi daga sunan tsakuwar nan ta fito a Latin. Da tsakuwa ce kaɗai matsalar, ai mu ƴan Adar da mun fi kowa.

Lambobin da muke aiki da su yau daga Indiya suka taso, al-Khawarizmi ya yi littafi a kansu a Bagadaza wajen 825. Wani ɗan Italiya, Fibonacci, ya koye su a Bijaya ta Aljeriya, ya rubuta nasa littafin a 1202. Duk da haka Turai ta daɗe tana jan ƙafa: a 1299 ƴan canji na Florence sun hana rubuta su a littafin ciniki.

Mu ma fa muna da irin namu. Malaman zaure sun san alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, kuma da ramzi irin wannan su Nana Asma'u ke sa shekara a ƙarshen waƙa. Don Allah iyaye, daren nan a ba yaro alli ya rubuta jamhuriya ta I har ta VII, kowace da shugabanta.