Haruna Uji da Gurminsa: Mawaƙin da Aka Yi wa Ƙwauron Tawada

Gabatarwa

Duk wanda ya yi wayo a Nguru ko Gashuwa a shekarun 1970 da 1980 ya san wata murya wadda ba sai an gaya masa mai ita ba. A teburin mai shayi na bakin tasha, a shagon tela, ko a cikin motar da ta ɗauko bandar kifi za ta Kano, da zarar an ji an taɓa tsirkiya sau biyu sau uku, kowa ya san Haruna Uji ne zai buɗe baki. Mun haddace waƙoƙinsa ba da niyya ba, kamar yadda yaro kan haddace hanyar gidansu. Amma da Allah ya kai mu ga nazarin waƙar baka a makaranta, sai muka tarar sunayen da ake jerawa su ne Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Ɗan'anace da Shata da Ɗanmaraya. Shi kuwa mai gurmin Haɗeja, in ma an ambace shi, sai can wajen ƙarshen jeri, dab da inda ake cewa "da sauransu".

Babu mai jayayya a kan cancantar waɗancan manya. Abin da muke son mu duba shi ne yadda aka yi mawaƙin da ya cika kunnen jama'ar gabas ya kasa cika ko da 'yan shafuka a tarihin adabinmu, da kuma abin da muka yi hasara saboda haka.

Kogi da Dogo

Haruna Uji Bahaɗeje ne. A garin Haɗeja aka haife shi a shekarun 1940, kuma ya rasu a farkon shekarun 2000. Mai karatu zai iya tambaya, to me ya haɗa Bahaɗeje da mutanen Nguru da Gashuwa har suke jin sa nasu ne? Amsar tana cikin ruwa da ƙarfe.

Kogin Haɗeja, bayan ya wuce garin da aka sa masa sunansa, yakan bazu cikin fadamu da tafkuna har zuwa Nguru, sa'an nan ruwansa ya haɗu da na kogin Jama'are kafin a kai Gashuwa, inda suke zama kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Chadi. Masunta da manoman shinkafa da Fulani makiyaya sun daɗe suna bin wannan kwari sama da ƙasa, ba su damu da inda iyakar wannan sarki ta tsaya ta wancan ta soma ba. Nguru tsohon mazaunin Galadiman Borno ne, kuma ƙasar Mangawa ce. Gashuwa kuwa ita ce fadar Mai Bade tun da aka taso daga Gogaram a zamanin Turawa. Ke nan asalin garuruwan biyu ba na Hausa ba ne.

Abin da ya sauya al'amura shi ne layin dogo. A 1930 jirgin ƙasa daga Kano ya iso Nguru, tafiyar fiye da kilomita 200, ya ratso ta Malam Madori wadda ita ce tashar mutanen Haɗeja. A Nguru dogon ya ƙare, saboda haka duk gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga da shanu da busasshen nama da kifin da za a kai kudu daga wannan yanki, har da na ƙasar Damagaram da Manga ta Nijar, nan suke taruwa. Kamfanonin Turawa da Kwarori suka buɗe kantuna, fatake da 'yan koli da dillalai da 'yan dako da direbobi suka kwararo daga Kano da Haɗeja da Gumel da Katagum. Daga Nguru kuma mota ta ɗauki kaya da mutane zuwa Gashuwa, tafiyar kilomita 60 da 'yan kai. Cikin 'yan shekaru Hausa ta zama harshen kasuwa da tasha a garuruwan biyu, har ta shiga gidaje.

Irin wannan jama'a ta tasha tana da nata buƙatun. Mutum ya baro garinsu da iyalinsa, ya zo neman abin kansa, ba shi da sarkin da zai ji daɗin a wasa, ba shi da zuriyar da za a jero masa. Abin da ke ransa shi ne kewar gida, da macen da ya bari ko wadda ya gani, da halin abokan zama, da juyin duniya. Waɗannan su ne mutanen Haruna Uji.

Gurmi da Mai Gurmi

Gurmi kayan kiɗa ne marar nauyi. Rabin duma ne ake rufe bakinsa da fata, a soka masa sanda, a ɗaura tsirkiya, a riƙa kaɗawa da yatsu. Danginsa su ne garaya ta maharba da 'yan bori, da molo, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya wanda Ɗanmaraya Jos ya kai duniya. A wasu sassa an san gurmi da kiɗan 'yan kokawa, kuma a gabashin Nijar yana da tushe mai ƙarfi. Da shi Malam Maman Barka, ɗan ƙasar Tasker wanda ya rasu a 2018, ya fara yin suna. Wannan ma wata alama ce cewa gurmi ya fi jin daɗin zama a gabas.

A tsarin makaɗan Hausa kowane kayan kiɗa da gidansa. Tambari da taushi da kotso na fada ne, dundufa ta maƙera ce, kalangu asalinsa na mahauta ne, gangar noma ta manoma. Darajar makaɗi takan bi darajar wanda yake yi wa kiɗa. Gurmi ba shi da uban gida a fada, don haka mai riƙe da shi ya fara ne daga ƙasan tsani.

Sai dai rashin uban gida yana da nasa amfani. Makaɗin fada yana da iyakar da ba zai tsallake ba: ya yabi sarki, ya yi wa abokan gabarsa zambo da habaici, ya tsaya nan. Mai gurmi kuwa abin da ya ga dama shi yake waƙewa. Haka kuma nauyin da ke kansa ya sha bamban. Shata ko Ɗanƙwairo suna da 'yan amshi da makaɗa masu riƙe musu gindin waƙa, su ba jagora damar numfasawa ya shirya ɗan waƙa na gaba. A waƙoƙin Uji da muka fi sani, hannun da ke kiɗa da bakin da ke waƙa na mutum ɗaya ne. Inda murya ta tsaya, tsirkiya ce ke karɓa. Ita ce 'yar amshinsa. Wanda ya saurara da kyau zai ji yadda yake barin gurmin ya ƙarasa maganar da ya fara, ya kuma dawo ya ɗora daidai kan gaɓar da ya bari. Wannan gwaninta ce da ba a samun ta da dare ɗaya, kuma ita ce ta sa waƙarsa take zama kamar hira tsakanin mutum biyu maimakon shela a gaban taro.

Waƙar Mace da Sunanta

Babbar gudummawar Haruna Uji, a ganinmu, tana wajen waƙar soyayya. Waƙoƙinsa biyu da suka fi yaɗuwa, wato ta Jummai da ta Balaraba, sunayen mata suke ɗauke da su. Matashin yau ba zai ga abin mamaki a nan ba, don haka sai mun tuna masa yadda zamanin yake.

Al'adar Bahaushe ta ginu a kan kunya da kawaici. Mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, namiji kuma ba ya nuna a gaban mutane cewa wata ta shiga ransa, don kada a ce ya yi rauni. Maganar so tana nan, amma wurinta dandali ne, a bakin 'yan mata masu gaɗa, ko kuwa zaure a lokacin zance. A rubutacciyar waƙa kuwa, kalmomin bege da shauƙi mafi yawa ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, malamai suke fuskantar da su. Makaɗan jama'a sukan yi wa mata waƙa, amma galibi waƙar yabo ce irin wadda ake yi wa mai kyauta. Ba mu ce Uji ne ya fara waƙar so a ƙasar Hausa ba. Abin da muke cewa shi ne, yana cikin 'yan ƙalilan da suka tsaya a matsayin baligin namiji, suka kira mace da sunanta, suka mai da abin da ke zuciya ya zama shi ne jigon waƙar, kuma jama'a ta karɓa har ta riƙa maimaitawa.

Idan muka dubi abin da ya biyo baya, sai muhimmancin wannan ya fito. A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid. Daga tsakiyar shekarun 1980 littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a farkon shekarun 1990. A 1990 aka yi fim ɗin Turmin Danya, kafin ƙarshen wannan goman kuma waƙar soyayya ta fiyano ta mamaye finafinai. Da yawa daga masu sharhi sun jingina wannan duka ga finafinan Indiya, kuma lalle tasirin Indiya a bayyane yake. Amma iri ba ya tsiro a kan dutse. Kunnen da ya karɓi waƙar fim kunne ne da gurmi ya riga ya yi wa sharar gona. Tarihin waƙar soyayya ta Hausa da zai yi tsalle daga dandali zuwa fiyano, bai bi ta kan Haruna Uji ba, ya bar gibi a tsakiya.

Me Ya Jawo Ƙwauron?

Dalili na farko shi ne inda nazarin ya fara. Tun rubutun M. G. Smith na 1957 a kan roƙo, hankalin masana ya fi karkata ga waƙar yabo da dangantakar maroƙi da uban gidansa. Digirin Ɗandatti Abdulƙadir na 1975 a kan Shata ya buɗe ƙofa, ayyukan Sa'idu Muhammad Gusau kuma suka shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka tare da taskace tarihin makaɗa masu yawa. Duk da haka ma'aunin da ɗalibai suka fi sabawa da shi, na yabo da zambo da kirari da salon sarauta, an yanka shi ne daidai jikin makaɗan fadar Sakkwato da Zamfara da Katsina. In aka auna mai gurmi da shi sai a ga kamar bai cika ba, alhali rigar ce ba tasa ba.

Na biyu shi ne ra'ayin jama'a game da jigon. Waƙar sarki tarihi ce, waƙar noma gargaɗi ce, amma waƙar mace a wurin dattawa wasa ce ta 'yan duniya. Mutum zai saurare ta a ɗakinsa ya ji daɗi, amma ba zai so a ce a kanta ya rubuta kundin digirinsa ba.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967, Haɗeja ta faɗa Jihar Kano, Nguru da Gashuwa suka faɗa Jihar Arewa maso Gabas, daga 1976 kuma Jihar Borno. A ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jigawa da Yobe rana ɗaya. Mai nazarin Hausa da ke Kano ko Zariya ko Sakkwato yana kallon ƙasarmu a matsayin ta Barebari, mai nazarin Borno kuma yana kallon waƙar Hausa da ake ji a cikinta a matsayin baƙuwa. Kwarin da kogi da dogo suka haɗa, taswira ta raba shi, abin da ke cikinsa ya zama na kowa, wato ba na kowa ba. Wannan rashi bai tsaya kan Uji kaɗai ba. Kiɗan Badawa da na Mangawa sun fi shi shan wannan wulaƙanci.

Na huɗu shi ne kaset. Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da shirye-shiryen gaishe-gaishe irin su Zaɓi Sonka, sun kai muryoyin makaɗa ko'ina. Daga ƙarshen shekarun 1970 kuma rakoda ta shiga hannun talaka, masu shago suka riƙa kwafar kaset daga kaset. Wannan ya ba mawaƙi suna, amma ya hana shi kuɗi, ya kuma hana tarihi hujja, domin kwafaffen kaset ba ya ɗauke da shekara ko wurin da aka ɗauki waƙa. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ba ta kai bakin tasha ba. Har yau waƙoƙin da ke yawo a wayoyi da intanet jikokin waɗancan kaset ne, da ƙugi da tsatsarsu.

Kammalawa

Shata ya sami digirin girmamawa daga Jami'ar Ahmadu Bello a 1988, bayan rasuwarsa a 1999 kuma aka rubuta masa babban littafin tarihi. Ɗanmaraya, wanda shi ma da ɗan ƙaramin abin kiɗa ya yi tashe, ya ga karramawa iri-iri kafin ya rasu a 2015. Ba mu yi musu hassada ba, sun cancanta. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Aikin da ya rage namu ne, mu mutanen wannan kwari. Akwai tsofaffin direbobi da masu shagon kaset a Nguru da Gashuwa da Malam Madori da Haɗeja waɗanda suka ga Haruna Uji da idonsu, kuma kullum raguwa suke yi. Akwai kaset a cikin adakoki da zafi da gara suke ci. Tun 2013 akwai jami'ar tarayya a Gashuwa, don haka uzurin nisa ya ƙare. A je a yi hira da waɗannan dattawa, a tattara waƙoƙin a rubuce su yadda ya faɗe su da karin harshensa na Haɗeja, a tantance wadda ta riga wata, a kuma nemi masu riƙe da gurmi da suka saura a koyi yadda ake ɗaura shi da yadda ake kaɗa shi. In mun yi haka, ɗalibin da zai zo bayanmu zai sami abin karantawa a kan muryar da iyayensa suka yi zance da ita.

Allah ya jiƙan Haruna Uji, ya gafarta masa, ya kyautata namu zuwan.