Matar da ta buɗe wa karnuka gida

A shekarar 1860, wata Baturiya mai suna Mary Tealby ta buɗe mafakar karnukan da suka ɓata ko yunwa ta galabaitar, a wata barga da ke unguwar Holloway a Landan. Shekarunta sun doshi 60, sun rabu da mijinta, kuma ba wani abin hannu gare ta ba. Mafarin abin kuwa, wani kare ne da aka tsinto a titi, ƙashi da fata. Ta yi jinyarsa iya ƙoƙarinta, amma ya mutu.

Jaridar The Times ta yi mata ba'a: talakawa na kwana da yunwa a birnin, ita kuma tana ta karnuka. Wannan maganar har yau ana yin ta, mu ma nan mukan faɗa idan muka ga Bature na kai kare asibiti. To amma ai mun san labarin matar da aka gafarta wa saboda ta shayar da kare mai ƙishi.

A 1862 marubuci Charles Dickens ya goyi bayan gidan a mujallarsa, mutane suka fara sassautowa. Mary ba ta daɗe ba, ciwon daji ya yi ajalinta a 1865. Ba ta ga ƙaurar gidan zuwa Battersea a 1871 ba, balle fara karɓar kyanwoyi a 1883.

Duk mai aikin jinya ya san ba a jiran tabbacin warkewa kafin a kula da majinyaci. Karenta na farko bai rayu ba, amma gidan na nan yana aiki, sama da shekara 160.