Kwanciya a asibiti: abin da inshorar lafiya ta ƙasa ke biya

Inshorar lafiya tsari ne na taimakekeniya: mutum yana zuba kuɗi kaɗan-kaɗan tun yana da ƙoshin lafiya, don kada ya sayar da gona ranar da aka ba shi gado a asibiti. A Najeriya an yi dokar shirin NHIS a 1999, ya soma aiki a 2005. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta maye gurbinsa da hukumar NHIA, wadda ta wajabta inshorar a kan kowane mazaunin ƙasar. Wajibcin dai har yanzu ya fi ƙarfi a takarda, domin akasarin majinyata daga aljihunsu suke biya.

A tsarin ma'aikata, rajista ɗaya tana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai iyalin da ya wuce haka sai ya ƙara kuɗi.

Gadon ma yana da iyaka. Ka'idojin shirin sun ƙayyade kwana 21 a shekara, jimilla, a ɗakin majinyata na gama-gari. Mai son ɗaki na musamman shi zai cika. Majinyaci kuma yana biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani.

Tiyata da ganin ƙwararren likita sai asibitin da mutum ya yi rajista ya tura shi, kamfanin HMO kuma ya ba da lambar amincewa. Jinkirin wannan lambar na cikin abubuwan da majinyata suka fi kokawa a kai.