Tarihin Binkiristin: Allurar Da Ake Cirewa Daga Sirinji

Shirin yau na nas-nas ne da ɗaliban jinya, amma duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti ya tsaya ya karanta.

Akwai wani fure da ake shukawa don ado a gidaje, mai launin fari ko ruwan hoda, asalinsa daga Madagaska. Daga jikinsa aka ciro maganin kansa mai suna binkiristin, wanda kamfanin Eli Lilly ya fitar da sunan Oncovin, Amurka ta amince da shi a 1963. Ya ceci yara masu kansar jini ba adadi. Mu ma ya shafe mu, domin yana cikin magungunan kansar nan da ke kumbura muƙamuƙin yara a Afirka, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958.

To ina matsalar? Binkiristin ta jijiyar jini kaɗai ake ba da shi. Amma mai kansar jini yakan buƙaci wata allurar daban, irin su metotireksat ko sitarabin, wadda ake yi a gadon baya ta shiga ruwan laka. Wato majinyaci ɗaya, allura biyu, kowacce da hanyarta. Duka biyun ruwa ne ɗan kaɗan a cikin sirinji, kuma a da bakin kowane sirinji yana shiga kowace allura. Idan binkiristin ya shiga laka, sai ya fara kashe jijiyoyi daga ƙasa: ƙafafu su mutu, abin ya yi ta hawa har ya kai ƙwaƙwalwa. Kusan duk wanda aka yi wa wannan kuskure ba ya tashi. Kuma ba nan take ba, kwanaki ko makonni yake ɗauka.

An fara rubuta irin wannan mutuwa a 1968. Me aka yi a kai? Gargaɗi. A manna takarda a jikin sirinji, a ce wa ma'aikata su kula. Aka shekara sama da talatin ana cewa a kula, ana kuma binne mutane.

Sai 4 ga Janairun 2001, a asibitin Queen's Medical Centre da ke Notingham a Ingila. Wani matashi ɗan shekara 18, wanda kansarsa ta riga ta lafa, ya zo karɓar allura. A tsari, ranar farko ta baya za a yi, binkiristin sai washegari. Amma sai ga sirinji biyun sun iso ɗakin tare. Babban likitan sabon zuwa ne a sashen. Ƙaramin likitan da ke riƙe da allurar ya ji wani abu a ransa, har ya tambaya: binkiristin a baya? Aka ce masa e. Ya danna. Yaron ya rasu ranar 2 ga Fabrairu.

Wannan wurin ne ya fi tsaya mini a rai, wallahi. An yi tambayar fa! Amma da na sama ya amsa, sai na ƙasa ya yi shiru. Duk nas ɗin da ta taɓa aiki da babba ta san nauyin nan na a ce kin cika gardama. Farfesa Brian Toft, wanda ya binciki lamarin, bai tsaya kan mutum ɗaya ba. Ya nuna yadda horo, da yadda ake aiko magani daga sashen magunguna, da kamannin sirinjin kansa duk suka haɗu.

A Yulin 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa, ta ce an ba da rahoton wannan kuskure sau 55 tun 1968. Shawararta kuwa mai sauƙi ce har mutum ya yi mamaki: a daina zuba binkiristin a sirinji. A sirka shi cikin ƙaramar ledar ƙarin ruwa. Kun gane dabarar? Ba wanda zai ɗauki leda ya ce zai yi allurar baya da ita. Hannun mai gajiya ma ba zai yi wannan kuskure ba.

Har rubutun gargaɗin aka gyara. Maimakon a rubuta kada a yi a laka, wanda ido mai sauri zai iya tsallake "kada" ya ga "laka", sai aka ce a rubuta ta jijiya kaɗai, kowace hanya daban kisa ce.

Wasu nas-nas sun yi jan ƙafa da farko, kuma suna da hujja. Binkiristin idan ya zube a wajen jijiya yana cinye nama, suna ganin da sirinji a hannu sun fi saurin ganewa. Shi ya sa tsarin ledar ya zo da sharaɗi: ki tabbatar jini yana dawowa kafin ki buɗe, ki bar shi ya sauka cikin minti biyar zuwa goma, kuma ki tsaya a bakin gadon idonki a kan wurin har ya ƙare. Daga baya aka ƙera sirinjin laka mai baki daban, wanda ba ya shiga na jijiya.

Ba kowane asibiti ne wannan sabon sirinjin ya isa ba. Inda babu shi, idan kin buɗe firji kin ga binkiristin a sirinji kusa da allurar baya, ki raba su, ki kira sashen magunguna kafin majinyacin ya kwanta.