Daga Rumfar Fatake Zuwa Unguwar Sabo

Yau za mu waiwayi wani abu da muke zama a ƙarƙashinsa kullum a kasuwa ba tare da mun tambayi asalinsa ba, wato rumfa. Duk wanda ya bi tarihin zaman Hausawa a ƙasar Kudu zai tarar da rumfa a farkon labarin.

A ƙarni na 19, kafin zuwan jirgin ƙasa, fatake irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne ke riƙe da fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja. Ayari kan tashi da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu har Salaga, tafiyar watanni. Galibi da rani ake yin ta, lokacin da rafuka suka janye, kuma lokacin ne rana ta fi zafi. Shi ya sa madugu kan tayar da ayari da asuba, a sauka kafin rana ta take. Wurin saukar shi ne zango.

Aikin farko a zango shi ne neman inuwa. Jagaba kan duba wuri mai ruwa da manyan itatuwa. Tsamiya tana da inuwa mai kauri, gawo kuma yana fitar da ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Giginya kuwa ba a dogara da ita, don Bahaushe ya ce inuwarta na nesa ka sha. In itatuwa ba su wadatar ba, sai a kafa rumfa. A sari dirkoki masu baki biyu a kafa su, a gitta sanduna a sama, a ɗaure da igiyar rama, a shimfiɗa zana ko karan dawa ko tabarmar kaba. Gefen yamma ake fara karewa saboda ranar la'asar, sauran ɓangarorin a bar su a buɗe iska ta riƙa ratsawa.

A hanyar dawowa, goro ke fara shiga inuwa kafin mai shi. Goro ba ya jure rana. Ana naɗe shi da ganyen fita a cikin huhu, ana yayyafa masa ruwa, ana buɗewa a tsince wanda ya lalace. Huhu ɗaya ya sha rana yini guda, jarin mutum ya tafi. Don haka falke ya san tsayin rumfa da kaurin zana kamar yadda ya san lissafin kuɗinsa.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa wannan kasuwa, fatake suka bazu zuwa Kumasi da wasu garuruwa. Har yau a Gana unguwar baƙi Musulmi sunanta zango. A nan Nijeriya, jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, layin dogo ya kai Kano a 1911, noman goro kuma ya bunƙasa a ƙasar Yarbawa, wajen Agege da Shagamu. Sai fatauci ya juyo kudu. A 1916 aka ware wa Hausawan Ibadan unguwar Sabo.

Zangon da dā ake kwana biyu a tashi, yanzu ya zama wurin zama. Rumfa ta koma ɗakin jinka, ɗakin jinka ya koma na ƙasa, daga baya aka rufa da kwano. Amma ɗabi'ar zango ba ta mutu ba. Maigida mai saukar da baƙi ya ci gaba da aikinsa: ya ba baƙo wurin kwana, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an yi ciniki bashi. A kan wannan amana aka gina cinikin goro da na shanu a Kudu.

Abin da ya fara kuɓuce mana shi ne sanin rumfar kanta. Ku zaga kasuwanninmu ku gani. Leda da tamfol da tsohon kwano, an ja su ƙasa-ƙasa, kai na kusan taɓawa. Kwano yana ɗaukar zafi ya sauke wa na ƙasa, leda kuma tana toshe iska. Tumatir da tattasai da aka yi kwanaki ana ɗauko su daga Arewa sai su narke kafin azahar, mai kaya kuma ya wuni da ciwon kai. Zana ba ta riƙe zafi haka, iska na bi ta cikinta.

Ba cewa ake a koma ciyawa ba, domin ruwan Kudu mai yawa ne, ga kuma haɗarin gobara. Amma darasin magabata yana nan: a ɗaga rumfa sama, a bar wa iska hanya, a kare gefen yamma, a sa asabari ko tabarma a ƙarƙashin kwano, a bar tazara tsakanin rumfa da rumfa, a nisanta murhu da janareto. Muna roƙon shugabannin layi su tattauna wannan kafin zafin bazara ya kankama.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare mana dukiya da lafiya, amin.